Tarhon bai mutu ba, ma'aikatanku ne suka juya wayoyi

Abin takaici ne a ce kamfanin da ke karɓar kuɗin layi duk wata ba shi da ma'aikacin da zai ɗora mita a kan sili biyu na waya kafin ya yanke wa tarhon mutane hukuncin mutuwa. Tun da aka tona magudanar ruwa a layinmu na Aboabo, nan Kumasi, aka tsinke wayar gidanmu, suka zo suka haɗa ta, tarhon mahaifinmu ya koma bebe ta gefe guda: kira yana shigowa, ana jin magana sarai, amma in an danna lamba ba ya fitar da ko ƙis. Amsar da aka ba mu a ofis, cikin isa da gadara, ita ce mu jefar da shi mu sayi sabo.

Tarhon nan ƙirar Western Electric ne, samfurin 2500 mai maɓallai 12, jikan wanda kamfanin Bell ya fara fitarwa a Amurka a 1963. Kowane maɓalli sauti biyu yake aikawa lokaci guda, kuma a tsofaffin irinsa taransista (wata 'yar na'urar lantarki da ke cikinsa) ɗaya tak ke haifar da sautin, da wutar da take sha daga layin kansa. Wutar nan tana da gaba da baya. Idan tarho yana ajiye, layi na ɗauke da wuta mai ƙarfin kusan bolt 48, kuma a tsarin wannan tarho jan sili ne ke karɓar nagatif, koren kuma ɗaya gefen. Da zarar an juya su, ƙararrawa za ta ci gaba da kaɗawa, murya za ta wuce, maɓallai kuwa su yi tsit. Tarhunan zamani suna da wasu ƙananan na'urori huɗu da ake kira dayod a ciki masu daidaita wutar ko ta ina ta shigo, shi ya sa ma'aikacin ya jona nasa, ya ji yana aiki, ya kaɗe rigarsa ya tafi, har da neman na ruwa.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Asawase, wanda ba ya cin albashin kowa, shi ya buɗe akwatin bango, ya auna, ya kwance dunƙule biyu, ya sauya wa silin nan wuri, sai ga sauti ya dawo. Kafin nan mahaifin namu, tsoho mai ciwon ƙafa, wanda idonsa ba ya ganin rubutun wayar hannu, ya yi makonni ba ya iya kiran ko 'yarsa da ke Nima, alhali takardar biyan kuɗi ba ta taɓa makara ba.

Muna neman a cire mana kuɗin waɗannan makonni daga lissafi, kuma duk wanda za a turo ya haɗa layi ya gwada da tarhon da ke gidan kafin ya rufe akwati.