Waƙar da ta sa na yi shiru a gidan kallon ƙwallo

Malam marubuci ka burge ni da ka ce waƙoƙin gargajiyar Ailan tarihi ne ba rawa kawai ba. Ni dai a gidan kallon bal na fara sanin haka, Yuro 2012, Sifen ta lallasa 'yan Ailan 4-0 amma magoya bayansu suka miƙe suna rera Fields of Athenry kamar su ne suka ci, wallahi duk ɗakin sai da muka yi tsit. Daga baya na gane ashe labarin wani magidanci ne da ya saci hatsi don yaransa lokacin yunwar da ta fara a 1845, dankali ya ruɓe a gona, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, shi kuma Turawan Ingila suka ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ostireliya, matarsa na tsaye tana kallo. Kai jama'a!

Abu ɗaya ka manta, ba duk waƙoƙin nan ne na kuka ba, wasu zuga ce tsagwaronta, musamman na tawayen da 'yan Ailan suka yi wa mulkin Turawan Ingila a 1916 a Dublin, babban birninsu, shi ya sa har yau a Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa inda masu son zama da Birtaniya da masu son haɗewa da Ailan ke da unguwanni daban-daban, wata waƙar in ka rera ta a unguwar da ba taka ba sai an yi rigima.