A Jamus aka nuna mini Zariya

Shekara huɗu na yi ina karatu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, amma sau biyu kacal na shiga cikin birnin Zariya. Na farko ɗaurin auren abokin ajinmu ne a wajajen Ƙofar Gayan, na biyu kuma na raka wani wajen mai ɗinkin babbar riga. Duka biyun ban ɗaga kai na dubi komai ba. Duniyata a lokacin daga hostel sai aji, sai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim idan jarrabawa ta matso, sai mai shayi a bakin get. In an yi nisa a je Kwangila ko PZ.

Yanzu ina Bayreuth, wani ƙaramin gari a arewacin jihar Bavariya ta Jamus, wanda masu shi ke kira "Bairoit". Mutanensa ba su wuce dubu 75 ba, kuma jami'arsa a 1975 ta fara karatu, wato ABU ta girme ta da shekara 13. Amma tun makon farko tsofaffin ɗalibai suka kwashe mu sababbi, a ƙafa, suka zaga da mu gari. Suka kai mu tsohon gidan wasan opera, wato wasan kwaikwayo cikin waƙa, da aka buɗe a 1748, wanda gimbiya Wilhelmine, yayar Sarki Frederick na Prussia, ta sa aka gina lokacin aurar da 'yarta. Cikinsa kusan duk katako ne da aka sassaƙa aka yi wa fenti, in ka shiga sai ka rantse dutse ne da zinariya. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2012, an kuma yi shekaru ana gyaransa kafin a sake buɗewa a 2018. Da katin ɗalibi ana rage maka kuɗin shiga. Ba malami ba ne ya ba mu wannan tarihi, wata yarinya ce 'yar aji uku da ke karatun tattalin arziki.

Taku kaɗan daga nan akwai wani gida mai suna Iwalewahaus, mallakar jami'ar, inda ake ajiye zane-zane da kiɗe-kiɗen Afirka na zamani. Sunan ma Yarbanci ne, ma'anarsa hali shi ne kyau. Ulli Beier ne ya kafa shi a 1981, Bajamushen nan da ya daɗe a Ibadan da Osogbo, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari a 1961. A can ne wata ɗaliba ta tambaye ni inda na yi digirin farko. Da na ce Zariya, sai fuskarta ta washe, ta ce to lalle na san 'yan tawayen Zariya. Na yi zaton rikicin siyasa take nufi.

Ashe ɗaliban zane ne. A 1958, a kwalejin da daga baya ta zama ABU, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suna cewa ba za su tsaya kwaikwayon zanen Turawa kaɗai ba, sai sun gauraya abin da aka koya musu da abin da suka gada a gida. Duk mai nazarin zanen Najeriya na zamani sai ya bi ta kansu. Ni kuwa kullum ta gaban sashen nasu nake wucewa, ina kallon gumakan siminti da ɗalibai suka jera a fili, ban taɓa tambayar komai ba. Ranar na koma ɗaki jikina a sanyaye.

Laifin nawa ne, da na ire-irena. Mun ɗauki jami'a wurin karɓar takarda, garin da take ciki kuma tasha. Ɗalibi ya zo daga Gombe ko Gusau ko Legas, ya shekara huɗu, ya tafi bai san cewa bas biyu ko uku ne tsakaninsa da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim ba. Ginin ƙasa ne da azara, da bakan-gizo masu ɗauke da rufi ba ƙarfe ba siminti, kuma masana gine-gine daga ƙasashen waje sun yi rubutu a kansa. An lulluɓe shi da sabon gini daga baya, amma wani ɓangare na tsohon aikin yana nan a ciki. A hoto na fara ganinsa, a littafi, a nan Jamus. Haka ganuwa da ƙofofinta, haka Kufena, haka Turunku da labarin Sarauniya Amina, haka kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur inda Abubakar Imam ya yi aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Ko dandalin wasan kwaikwayo na ginin ƙasa da ke cikin ABU, mai siffar gidan Bahaushe da zaurukansa, sau ɗaya na leƙa, shi ma don wata nake nema.

Kada dai a ce na zo Turai idona ya rufe. Abin da Bayreuth ta fi shahara da shi a duniya, wato bikin kiɗan Richard Wagner, Bajamushen mai tsara kiɗan opera, da ake yi tun 1876, ba na ɗalibi ba ne. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta ake yinsa, a wani gida da ke kan tudu wanda shi Wagner ɗin ya tsara. Tikitinsa tsada, a da ma mutum kan yi shekaru yana jiran layi ya zo kansa. Manyan 'yan siyasa da masu kuɗi ke zuwa buɗewa, a zauna kan kujerun katako awa huɗu ko biyar cikin zafi. Mu ɗalibai rabonmu a ciki shi ne aikin wucin gadi a otal da gidan abinci. Ga kuma tabon da ke jikin abin: Wagner ya yi rubuce-rubucen ƙin Yahudawa, Hitler kuma ya mayar da garin wurin zuwansa. Abin da na yaba musu shi ne ba su ɓoye wannan ba, yana nan a gidan tarihinsa kowa ya karanta.

Kwatanta wannan da Hawan Daushe. Ba tikiti, ba layi. Ka tsaya a ƙofar fada ko Babban Dodo, kakaki na tashi, algaita na amsawa, 'yan bindiga na ta harbi, dawakai cikin ado, almajiri da farfesa kafaɗa da kafaɗa. Kiɗanmu bai shiga gilashi ba tukuna. Kuma ABU da ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988 ba za a ce ba ta san darajar kalangu ba. Saboda haka ni ban yarda cewa sun fi mu kayan kallo ba. Abin da suka fi mu shi ne yarinyar nan 'yar aji uku, wadda ta ga aikinta ne ta kama hannun baƙo ta nuna masa gari.

Wannan kuwa ba ya jiran kasafin gwamnati. Kowace jiha tana da ƙungiyar ɗalibanta a makaranta, har ƙananan hukumomi ma. Kuɗin da ake kashewa a lemo da bajo ranar tarbar sababbin ɗalibai ya isa a ɗauki shatar bas biyu ranar Asabar, a nemi izini a fada, a roƙi wani ɗan aji huɗu na sashen tarihi ko na gine-gine ya yi jagora. 'Yan Zazzau da ke cikin ɗalibai su ya fi kamata su fara, tun da gidansu ne.

Ƙanena yana aji biyu a Samaru yanzu. Da muka yi waya makon jiya na tambaye shi ko ya taɓa shiga tsohon masallacin.

Ya ce, "Yaya, wanne? Na cikin makaranta?"

Na ce a'a, na ƙofar fada. Na tura masa kuɗin mota, na ce ya hau daga Samaru zuwa Tudun Wada, ya wuce ta Ƙofar Doka, kuma in ya shiga ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya ce sai an gama gwajin tsakiyar zango. Ranar Asabar zan sake kiransa.