Ranar da motata ta juyo da ni gida

Shekara uku na yi ina haɗa mota a bayan gidanmu a unguwar Zariya ta garin Maradi. Gangar jikinta bututun ƙarfe ne, injin na tsohuwar Starlet, kujerun kuwa kada ma a tambaya. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da laifi. Da an zo kwana sai ta karkace kamar jakin da aka yi wa lodi ɓangare guda. Uwargida ta shiga sau ɗaya, ta sauka da salati, ta ce nan gaba kabu-kabu ya ishe ta.

Na kai kuka wurin wani tsohon makanike. Ya leƙa ƙasanta ya ce, "Alhaji, ai ba ta da sandar daidaito." Ƙarfe ne mai lanƙwasa a bakinsa biyu, ana ɗaure tsakiyarsa a jikin mota da robobi, bakunan su kama ƙafar hagu da ta dama. In mota ta so kwantawa, sandar ta murɗe ta hana ta. Ya ce in nemi siririya, in sa a gaba.

Wurin ƴan gwangwan na ga siririyar, na raina ta. Kusa da ita ga ta Hilux, kauri kamar muciya. Jika goma sha biyar na biya, ina jin na fi makanike wayo. A gaba ta ƙi shiga, tukunyar man inji ta tare ta. Na ce to, ƙafa ai ƙafa ce, na ɗaura ta a baya. Wuni guda ina kwance cikin rairayi, noti ɗaya ya faɗo mini a haƙori, kaza ta tsallake ni sau biyu.

Ashe sanda mai ƙarfi a baya rage wa tayoyin baya riƙon ƙasa take yi a kwana. Wannan karatun a hanyar Madarunfa na ɗauke shi. Na sha kwana, motar ba ta karkace ko kaɗan ba, har na fara murmushi. Sai bayanta ya zo ya wuce gabanta. Ƙura ta lafa, na gan ni ina fuskantar Maradi, hulata a kujerar baya.

Wani mai shayi a bakin hanya ya ajiye butarsa, ya ƙare mini kallo, ya ce, "Sannu Alhaji. Mantuwa ka yi a gida?"

Na ce e, makanike na manto.