Kamogi: Doka ta bi bayan 'yan wasa a Ayilan

A watan Mayun 2025 'yan matan Dublin da na Kilkenny suka shiga fili sanye da gajeren wando, alƙalin wasa ya ce ko su sauya ko a fasa karawar. Dokar kamogi, wasan sanda da ƙwallo na matan Ayilan, a lokacin ta wajabta siket mai ɗinke da matsattsen wando a ciki. Suka sauya, amma magana ta riga ta fito. Da 'yan Cork da Waterford suka ce su ma wando za su sa, sai aka ɗage wasan ƙarshe na lardin Munster ana jajibirinsa.

'Yan wasan ne ke da gaskiya, kuma yadda ake buga wasan shi ne hujja. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, minti 30 sau biyu. Ba a ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu. Sai 'yar wasa ta sunkuya, ta zura faffaɗan bakin sandar a ƙarƙashinta ko ta murzo ta baya, ta cilla sama ta cafe. Taku huɗu kawai za ta yi da ita a hannu. In za ta zarce, sai ta ɗora ta a kan sanda tana gudu. Ƙwallo a raga maki 3, ta saman ƙarfe tsakanin sandunan raga maki 1. Duk wannan sunkuyo ne da tsalle da faɗuwa, a nan kuwa siket ke naɗewa sama. Yarinyar da hankalinta ya rabu tsakanin jan siket da ƙwallo za ta makara, abokiyar hamayya ta doke mata sanda ta baya. Ga kuma damuwar kwanakin al'ada da masu ɗaukar hoto, abin da 'yan wasan suka sha faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu kare siket suna cewa gado ne, tunda ƙungiyar wasan ta kafu tun 1904. Amma an sha taɓa gadon: da mutum 12 ake bugawa kafin 1999, hular kwano ma daga baya aka tilasta ta.

Ranar 22 ga Mayun 2025 taron gaggawa na ƙungiyar ya amince da kashi 98 cikin 100 cewa kowace ta zaɓi siket ko wando. Abin takaici, a 2024 babban taron ƙungiyar ya yi fatali da wannan buƙata, sai da aka rasa wasan ƙarshe a ranarsa kafin a saurare su.