In ba za ka faɗi albashi ba, riƙe tallarka

Jama'a, yau da masu neman ma'aikata a harkar rubuta manhaja nake.

Watan jiya ƙanena ya nuna min wata sanarwar aiki. Mutum ɗaya ake nema, amma ya iya Python (yaren rubuta manhaja), ya iya React (abin gina fuskar manhaja), ya kula da saba (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta), har zane ma shi zai yi. Sunan kamfani babu. Wajen albashi aka rubuta wai "mai tsoka". Yaron nan kwana uku ya yi yana musu aikin gwaji, da datarsa da man janaretonsa. Sai a intabiyu na uku aka ce masa naira dubu 80. Mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta amince da shi a 2024 fa dubu 70 ne. Da sun rubuta tun farko, ai ko fom ɗin ba zai buɗe ba.

Ni a ganina duk tallar da ba adadi a cikinta bai kamata a yaɗa ta ba. Kar wani ya ce sirrin kamfani ne. Jihar Kolorado ta Amurka ta wajabta rubuta albashi a tallar aiki tun 2021, birnin New York ya bi sahu a Nuwamba 2022, kuma ba a daina ɗaukar ma'aikata a can ba. Faɗi daga nawa zuwa nawa, naira ce ko dala, shi ke nan.

Sai masu kwafo sharuɗɗan da su kansu ba su fahimta ba. A 2020 Sebastián Ramírez ya ga ana neman mai gogewar shekara 4 a FastAPI, wata manhaja da ake gina wasu manhajoji da ita. Shi ya ƙirƙiro ta, kuma lokacin shekararta ɗaya da rabi kacal. Wato mai abin ma bai cancanta ba!

Dillalan aiki kuma, ba na hana ku neman halalinku, amma ku ce ku dillalai ne. In aikin daga gida ne, a faɗa ko na Kano zai iya nema, kar sai ya gama cike komai a ce sai mazaunin Legas. Wanda ya nemi kuɗin fom kuwa, wannan ɗan damfara ne, a fallasa shi kawai.

Ƙanen nawa bai karɓi aikin ba. Aikin gwajin da ya yi musu kuma, har yau ba wanda ya yi masa maganar kuɗinsa.