Tufka da warwara: yadda Faransa ke biyan kuɗi a lalata giyar da ta tallafa aka noma

A ƙarshen watan Agustan 2023, ministan noma na Faransa na wancan lokacin, Marc Fesneau, ya sanar da cewa gwamnati ta ƙara kuɗin lalata rarar giyar inabi daga yuro miliyan 160 zuwa miliyan 200. Kuɗin masu biyan haraji ne, wani kaso daga baitulmalin Faransa, wani daga asusun Tarayyar Turai. Akasarin jaridun nan Faransa sun kawo labarin da sunan ceto manoma, cikin mutunci da tausayawa. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ban manta irin zagin da mu 'yan Arewa muka sha ba a watan Nuwamban 2020, lokacin da Hisbar Kano ta sa aka murƙushe kwalaben giya kusan miliyan biyu. An kira mu jahilai, an kira mu maɓarnata dukiya. Ga shi ƙasar da duniya ke yi wa kallon uwar wayewa tana lalata giyar da ta ninka waccan sau ɗaruruwa, kuma tana biyan mai ita.

Ya kamata na gida su san yadda ake yin abin, domin a cikin lissafinsa maganar take. Mai gonar inabi, ko ƙungiyar manoman da yake ciki, zai ƙulla yarjejeniya da matatar da ke da lasisi, a kai takardun hukumar FranceAgriMer mai rabon tallafin noma. Tankoki su zo su zuƙe giyar daga rumbunan ajiya, da takardar kwastam a hannu, domin a nan kwastam ke lura da zirga-zirgar barasa ko a cikin ƙasa. A matata sai a dafa ta, a tara tururin, a fitar da tsantsar barasa mai ƙarfin aƙalla kashi 92 cikin 100. Sharaɗin shi ne ba za ta koma bakin mutum ba: sai dai a gauraya ta da fetur, ko a yi man tsabtace hannu da kayan wanke-wanke da ita. A shirin 2023 jar giya da mai ruwan hoda kaɗai aka karɓa. Farashin kowace lita 100 shi ne yuro 75 ga giya mai babbar shaidar yanki, irin ta Bordo, yuro 65 ga mai matsakaiciyar shaida, yuro 45 ga wadda ba ta da shaida. Manoma suka yi rububi, suka rubuta sama da lita miliyan 400, har kuɗin ya gaza, aka rage wa kowa adadin da ya nema.

A lita 100 ta giyar inabi, tsantsar barasar da ake samu ba ta wuce lita 12 zuwa 13 ba. Ke nan gwamnati ta biya kusan yuro 6 a kan kowace lita, alhali irin wannan barasar ta masana'antu da ƙyar take kai yuro ɗaya a kasuwa. Harajin musamman da ake ɗora wa giyar inabi kuwa yuro 4 ne da 'yan kai a kan lita 100, wato kimanin santi 3 a kwalba. Akwai harajin saye na kashi 20 cikin 100, amma wannan har takalmi da firji suna biyan sa. Abin da gwamnati ta biya don a lalata kwalba ɗaya ya ninka abin da za ta karɓa na musamman idan an sha ta kusan sau goma sha takwas.

Ba a nan kuɗin ya tsaya ba. Kowace shekara Tarayyar Turai tana ware sama da yuro biliyan ɗaya domin harkar giyar inabi, Faransa na samun kimanin miliyan 270 a ciki. Babban kaso yana tafiya ne ga sabunta gonaki: a tumɓuke tsohuwar kuranga, a dasa sabon iri, a kafa turaku da wayoyi. Wani kason na sayen injuna da gina rumbuna. Wani kuma na talla ne a ƙasashen da ba na Tarayyar ba, inda ake iya biya wa kamfani har rabin abin da ya kashe a baje koli da walimar ɗanɗano. Najeriya na cikin manyan kasuwannin shamfen a Afirka, don haka kada mu ɗauka wannan tallar ba ta shafe mu ba. Matsalar sabunta gona ita ce, kurangar inabi sai ta shekara uku kafin ta ba da amfanin kirki, sannan ta rayu shekara talatin ko fiye. Tallafin dashen bana alkawarin giya ne har zuwa zamanin jikoki, a ƙasar da shan giyar inabi ya faɗo daga kimanin lita 120 ga kowane mutum a shekarun 1960 zuwa kimanin lita 40 a yau.

Da rarar ta ƙi ƙarewa, sai aka koma biyan kuɗin tumɓukewa. A yankin Bordo, shirin 2023 ya ware yuro miliyan 57, daga gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar, a kan yuro 6,000 kowace hekta, ana fatan cire hekta 9,500. Hujjar da aka bayar ita ce gonakin da aka yi watsi da su suna zama matattarar cutar da ke yaɗuwa zuwa na maƙwabta. A 2024 aka buɗe wani shirin na ƙasa baki ɗaya, yuro miliyan 120, a kan yuro 4,000 kowace hekta, mai gona kuma ya rasa izinin sake dasawa. An rubuta kimanin hekta 27,500 daga cikin kusan 800,000 da ƙasar ke da su. Ofishi ɗaya ne ke biyan kuɗin dasawa, da na talla, da na tacewa, da na tumɓukewa.

A ɗaya ɓangaren ga ma'aikatar lafiya. Hukumar kula da lafiyar jama'a ta Faransa ta ce barasa na kashe mutum 41,000 a shekara, maza 30,000, mata 11,000. Cikinsu 16,000 ciwon daji ne, kusan 10,000 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, kusan 7,000 na hanta da kayan ciki, sama da 5,000 haɗurra da kashe kai. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ofishinta ke nan birnin Lyon, ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa shi. Binciken masanin tattalin arziki Pierre Kopp a kan shekarar 2019 ya nuna harajin barasa ya kawo yuro biliyan 4, jinyar cututtukanta ta ci biliyan 7.8, asarar da al'umma ta yi gaba ɗaya kuma ta kai biliyan 102. Shawarar likitocin gwamnati ita ce kada a wuce kofi biyu a rana, kada a sha kullum, kada a wuce kofi goma a mako.

Duk lokacin da ɓangarorin nan biyu suka yi karo, an san wanda ke faɗuwa. Dokar Évin ta 1991 ta hana tallar barasa a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni, amma a 2016 majalisa ta sassauta ta domin a iya yabon yankunan inabi da al'adunsu. A 2017 Shugaba Macron ya ɗauki Audrey Bourolleau, wadda ta jagoranci ƙungiyar kare muradun masu giya ta Vin et Société, a matsayin mai ba shi shawara kan noma. A Fabrairun 2018 ya faɗa da bakinsa cewa yana shan giyar inabi rana da dare, kuma ba za a tsaurara dokar ba muddin yana kan mulki. A ƙarshen 2019 gwamnati ta janye hannunta daga shirin ƙaurace wa barasa a watan Janairu, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka ɗauka. A 2023, shekarar da aka fitar da miliyan 200 ɗin nan, binciken Radio France ya bankaɗo cewa an soke wasu shirye-shiryen faɗakarwa guda biyu da hukumar lafiya ta riga ta shirya, ɗaya domin gasar kofin duniya ta rugbi.

Ba na zargin ƙaramin manomi. Yawancinsu gado suka ci, bashin banki ya yi musu katutu, annobar korona ta rufe gidajen abinci, Amurka ta ɗora musu harajin kashi 25 cikin 100 a 2019 kan rikicin kamfanonin ƙera jiragen sama na Airbus da Boeing wanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kasuwar China kuma ta ja baya. Sana'ar tana ciyar da mutane dubu ɗaruruwa, kuma giya da danginta sun kawo wa ƙasar sama da yuro biliyan 16 daga waje a 2023. Har ma ina jin kishin yadda gwamnati ke tsaya wa manominta. Manomin tumatir a Kura ko Kadawa, idan kaya sun yi yawa kasuwa ta karye, a bakin titi yake zubar da kwandunansa, ko gaisuwar jaje ba ya samu. Amma tausayin manomi bai tilasta a ci gaba da biyan sa ya noma abin da asibiti ke karɓar sakamakonsa ba. Kuɗin da aka tace giya da shi a shekara ɗaya, da an zuba shi wajen juya gonakin zuwa zaitun ko 'ya'yan itatuwa, da an rage rarar har abada. Tacewa kuwa rumbu kawai take sharewa domin girbin baɗi ya sami wuri. An yi ta a 2020, aka sake a 2023.

Na san amsar da ake ba mu, tun kafin mu rufe baki: kuna fasa kwalba, amma kuna cin harajin VAT na giya. Wike, gwamnan Jihar Ribas na lokacin, ya yi nasara a babbar kotun tarayya a 2021 kan wanda ya kamata ya karɓi harajin, kuma tun daga nan gorin bai tsaya ba. Gaskiya ne, kuɗin yana shiga tukunya ɗaya a raba wa jihohi. Gaskiya ne kuma cewa ɗan kasuwar da aka kama motarsa ba a biyan sa ko sisi. Sai dai masu gorin ba sa faɗin cewa kayan abinci na yau da kullum, waɗanda Arewa ke nomawa ƙasa ta ci, doka ta yafe musu wannan harajin, don haka gumin manominmu ba ya fitowa a lissafin. Ba sa faɗin cewa shekaru da dama katin wayar da aka saya a Kano ko Gusau ana rubuta harajinsa ne a Legas, inda hedikwatar kamfani take. Ba sa faɗin cewa tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, kamfanonin giya sun dogara da dawa, wadda akasarinta daga gonakinmu take fitowa. Kuma karɓar haraji daga abu daban ne da ɗaukar haraji a raya abin. Jihar Kano ba ta biyan kowa ya yi giya, ba ta biyan kuɗin tallarta. Abin da gwamnatinta ke faɗa a rediyo shi ne abin da take yi a fili, kuma wannan ya fi mini abin da nake gani a nan nesa ba kusa ba.

Laifi tudu ne. Binciken shan ƙwayoyi na 2018 ya nuna kashi 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 a Jihar Kano sun yi ta'ammali da wani abu a cikin shekara guda, sama da mutum miliyan ɗaya. An hana kodin a watan Mayun 2018, tiramadol da sholisho suna nan. A Faransa, mai shaye-shaye yana iya shiga cibiyar jinya kyauta, ba sai ya faɗi sunansa ba, ya ga likita da mai ba da shawara. A wurinmu iyaye da yawa gidan mari suke kai ɗansu, kuma mun ga abin da aka tarar a Rigasa a 2019. Idan gwamnatocin Arewa suna so gorin VAT ya mutu, su lissafa kason giya a cikin abin da suke karɓa, su bayyana shi, su ware shi kacokan ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da cibiyar gyaran hali ta Kiru da irinsu.

Amma ko da wannan giɓin, akwai abin da muke da shi wanda kuɗi ba ya saye, kuma sai ka zauna a nan za ka san darajarsa. A ƙasar nan sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abinci na makaranta, manyan makarantun sakandare kuwa sai a 1981. Kowane Satumba, daidai lokacin komawa makaranta, manyan kantuna ke buɗe kasuwar giya ta shekara, a cika akwatin wasiƙun gidaje da mujallun kwalabe da rangwame, kusa da tallar jakunkuna da littattafan rubutu. A wurin aiki, sallamar wanda ya yi ritaya da giya ake yi, tarbar sabon ma'aikaci da giya, ƙulla ciniki da giya. Wanda ya miƙa hannu ga ruwan lemo shi ake tambaya ko lafiya, ko addini ne, ko magani yake sha. Mu da muka zo da girmanmu mun saba, mun san abin da za mu ce. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan su ne abin dubawa. Yaro ɗan shekara goma sha shida ba shi da kakar da za ta harare shi, ba shi da maƙwabcin da zai kai ƙararsa gida, ba shi da majalisar ƙofar gida inda shayi da hira suka ishi kowa har dare. Shi kaɗai zai tsaya a cikin abokai ashirin ya ce ba ya sha, a ƙasar da shugabanta ke alfahari da shan, kuma harajin da ake cira daga albashin mahaifinsa yana cikin kuɗin da ake dasa kurangar.