Askar Shefild da ta Solingen: wace ce ta dace da ɗan koyo?

Aska biyu na saya rana ɗaya a wata kasuwar gwanjo a nan arewacin Ingila inda nake zaune, kuma da na san abin da na sani yau, da ɗayar na jefa ta durowa ta yi shekara ban taɓa ta ba.

Ta farko ƙirar birnin Shefild na Ingila ce, ta kamfanin Wade & Butcher, mai kauri da nauyi, ƙotarta ta ƙaho. Sunan gari kawai aka buga a wuyanta, babu sunan ƙasa. Masu tara tsofaffin asake suna ɗaukar wannan alamar tsufa, domin dokar harajin Amurka ta 1890 ce ta sa daga 1891 duk kayan da za a shigar ƙasar sai an rubuta inda aka ƙera su. Ke nan ba mamaki askar nan ta haura shekara 130. Ta biyu 'yar Solingen ce ta Jamus, siririya, faɗinta 5/8 na inci, ba ta da wani sunan da za a yi tinƙaho da shi. Dattijon da ya sayar mini ma kamar gyara ya ɗora mini ita. Irinsu sun cika gwanjo ne tun da rezar Gillette, wadda aka yi wa rajista a 1904, ta raba maza da dutsen washi.

Ka san ɗan koyo da son babban suna. Kan ta Shefild na faɗa. Mako uku ina gurzar tsatsa da samfefa, daga lamba 400 zuwa 600, zuwa 1000, har 2000 (gwargwadon girman lamba gwargwadon laushi, haka ma a duwatsun washi), sannan na bi da man goge ƙarfe. Ta yi ƙyalli har ina ganin haƙorana a jikinta. Na shafa kumfa, na kai ta kumatu, sai ta riƙa tsige mini ƙasumba ɗaya bayan ɗaya, ƙwalla na zuba. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Maigida, aski kake yi ko fiɗa?"

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne aska ba a wasa ta kamar wuƙa. Wuƙa kai kake ɗaga bayanta ka zaɓi kusurwa da hannunka. Aska kuwa kwantar da ita ake yi, doro da baki su taɓa dutse a tare, kaurin doron ne yake tsayar da kusurwar, wajen digiri 16 ko 17 idan an haɗa ɓangarorin biyu. A nan askokina biyu suka rabu. Ta Solingen an rarake gefunanta sun loɓa ciki, don haka siririn layi biyu kawai ke taɓa dutse, ƙarfen da za ka ci kaɗan ne. Ta Shefild gefunanta kusan a miƙe suke kamar bakin gatari, sai ka cinye ƙarfe mai faɗi kafin fuskoki biyun su haɗu a tsini. Ga shi bakinta ya ɗan lanƙwasa kamar jinjirin wata, sai hannu ya iya mirgina ta daga gindi zuwa kai a ja ɗaya. Ga kuma ɓarnar waɗanda suka riga ni: kowa ya ci doron nan yadda ya ga dama, gefe ɗaya ya fi ɗaya zaizayewa. Wanda bai taɓa wasa aska ba, idan ta ƙi ci, ba zai san laifin hannunsa ne ko na mamacin da ya riƙe ta a zamanin Sarauniya Biktoriya ba.

Da haushi na ɗauko 'yar gyarar. Wannan karon na fara da daidaita dutsen kansa: na zana layuka da fensir a fuskarsa, na goga shi kan jiƙaƙƙen samfefa da na shimfiɗa a gilashi har layukan suka ɓace duka. Ashe tsakiyarsa a loɓe take. Sai na shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bakin askar, na ja ta sau biyar a dutse mai lamba 1000, baki a gaba, ina karkata jan yadda duk tsawonta zai ratsa dutsen. Na duba a ƙarƙashin fitila: tawada ta goge ko'ina sai wani ɗan wuri kusa da gindi, bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. Wurin nan shi ne dukan aikin. Minti arba'in na yi a kansa. Da ya goge, askar ta fara kwashe gashin damtsena tun daga kan wannan dutse mai kaushi.

Ra'ayina ke nan, kuma na san masu tara duwatsu ba za su so shi ba: kaifin aska a lamba 1000 ake samun sa. Duwatsun 4000 da 8000 da 12000 goge zanen da na baya ya bari kawai suke yi. Idan bakin bai haɗu a dutsen farko ba, ko ka sayo rawayan dutsen nan na Beljiyam da ake haƙowa a tsaunukan Arden, ko na Japan, dakusasshiyar aska za ka goge ta yi sheƙi. Ni ma na kusa zuba kuɗi a can kafin in gane hannuna ne ke danna ƙarfen har yana lanƙwashewa. A duwatsun ƙarshe nauyin askar kaɗai ya isa.

Fatar da ake goga aska a kanta bayan dutse kuma ta koya mini nata darasin da tsada. A kanta doro ne ke gaba, kuma a kan doron ake juya aska. Na juya a kan baki sau ɗaya, na tsarge fatar, na koma dutse.

Wanda zai je gwanjo, ya bar kallon ƙyalli ya kalli baki. Tsatsa a doro ado ce, amma ramukan tsatsa kusa da kaifi suna nufin duk inda ka wasa sai giɓi ya fito. Tsagewa ba ta da magani. Bakin da tsakiyarsa ta shige ciki shi ma a bar shi. Idan ƙotar ta tsohuwar robar seluloyid ce kuma ka ga tsatsar ta bi daidai inda ƙota ke rufe ƙarfe, robar ce ke ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, har askokin da ke kusa da ita sai ta shafa. Injin gurza kuwa kada ka kusance shi; daƙiƙa kaɗan bakin zai yi shuɗi don zafi, taurinsa ya tafi ke nan.

Mutanen nan suna alfahari da ƙarfen Shefild, kuma suna da hujja: a yankin ne Benjamin Huntsman ya fito da hanyar narka ƙarfe a tukunya a shekarun 1740, wadda ta sa asakensu suka gagara. Waɗanda suka iya suna cewa mai kaurin tana ratsa gemu shiru da nauyinta, siririyar kuwa ƙara take yi kamar ana kankare biredi. Ban musa ba. Sai dai wannan ƙarar ita ce ta riƙa gaya mini lokacin da kusurwar hannuna ta kauce, abin da ɗan koyo ya fi bukata.

Ta Shefild ta dawo kan dutse makon jiya. Na liƙa salatif falle ɗaya a doronta don in ɗan ɗaga kusurwar in rage ƙarfen da zan ci, duk da wasu na ganin haka ha'inci ne. Har yanzu akwai tawada a wuri biyu kusa da kai.